Manhaja Babu Bayani, Fili Ne Babu Takarda



Duk wanda ya taɓa sayen fili a garin nan, a Tudun Kofa ne ko Gangaren Tudu ko can wajen jami'a, ya san biyan kuɗi rabin ciniki ne. Sai an rubuta takarda, an faɗi iyaka gabas da yamma, kudu da arewa, shaidu sun sa hannu, mai unguwa ya sani, sannan hankali ke kwanciya. Amma da aka zo kan manhajar kwamfuta sai muka sake hali. Makarantar kuɗi, ko kantin magani, ko ƙungiyar adashi za ta kira yaro ya haɗa mata manhajar rijista ko shafin intanet. Ya nuna abu yana motsi a allo, a yaba masa, a biya shi, ya kama gabansa. Ba wanda zai tambaye shi takarda ko ɗaya da ta bayyana yadda aka gina abin, inda aka ajiye asalinsa, da yadda wani zai gyara shi ranar da ya tsaya.

Maganata a wannan rubutu guda ɗaya ce. Bayanin da ke biye da manhaja yana cikin aikin, kamar yadda rufi yake cikin ginin ɗaki. Wannan ya shafi manhajar da yaranmu ke haɗa mana, ya kuma shafi manyan kayan aikin da su kansu suke koyon sana'ar da su, waɗanda wuyar bayaninsu ke korar da yawa tun kafin su kai ko'ina. Mu masu biya, da su masu koyo, da malaman da ke koyar da su, kowa yana da inda zai gyara.

Abin da ya sa maganar ta shafe mu shi ne, Keffi gari ne na karatu. Kwalejin Gwamnati da aka kafa a 1949 tana nan, ta yaye mutane irin su marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa. Jami'ar Jihar Nasarawa tana cikin garin tun 2002, kuma tana koyar da kimiyyar kwamfuta. A ƙarshen 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan 3 a fannin fasaha, a ƙarƙashin ministan sadarwa Dakta Bosun Tijani. Ga kuma Abuja a bakin ƙofa, inda ake neman masu wannan sana'a. Shi ya sa yau za ka ga yaro ko yarinya a Unguwar Lambu sun tasa kwamfuta a gaba har tsakar dare suna koyon rubuta manhaja. Duk wanda ya shiga wannan hanya kuwa, ba zai yi nisa ba sai ya haɗu da abubuwa biyu.

ABUBUWAN BIYU

Na farko wata manhaja ce mai suna Git. Aikinta kamar littafin sakataren ƙungiya ne wanda ba a yaga masa shafi. Duk gyaran da aka yi wa rubutun manhaja, tana ajiye sunan wanda ya yi, da ranar, da layin da aka taɓa, da dalilin da mai gyaran ya rubuta. Idan gyaran yau ya ɓata abin da ke aiki jiya, ana iya komawa na jiya ba tare da an yi asarar komai ba. Idan mutum uku suna aiki ɗaya, wani a Keffi, wani a Lafiya, wani a Kaduna, kowa zai yi nasa a reshensa, daga baya a haɗa. Linus Torvalds, mutumin ƙasar Finland da ya fara Linux a 1991, shi ya rubuta Git a watan Afrilun 2005, bayan an janye musu izinin amfani da BitKeeper kyauta, wadda da ita suke aiki a da. Bayan 'yan watanni ya miƙa ragamarta ga Junio Hamano. Wayar Android da ke hannunka a kan Linux aka gina ta, shi kuma Linux da Git ake kula da rubutunsa. Ke nan ko ba ka taɓa jin sunanta ba, kana cin moriyarta kullum.

Na biyu shi ne ƙunshe manhaja. Babu manhajar da ke tsayawa ita kaɗai. Kowace tana jingine da wasu, su ma suna jingine da wasu. Ƙunshi shi ne a tattara manhaja wuri ɗaya, a rubuta sunanta, da bugu na nawa ce, da sauran manhajojin da take buƙata kafin ta tashi, ta yadda kwamfutar wani za ta karɓa ta girka ko mai ita ba ya kusa. Ku dubi kwalin magani a kemis: ga suna, ga ƙarfin ƙwayar, ga ranar da zai lalace, a ciki kuma ga 'yar takarda mai faɗin yadda ake sha da abin da ba a haɗa shi da shi. Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, tana da irin wannan ƙunshi fiye da 50,000, kuma masu aikin sa-kai ne ke kula da su. Ubuntu da ɗalibanmu ke sawa a kwamfutocinsu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fara a 2004, a kan Debian aka ɗora ta. Masu rubutu da Python suna da pip, masu JavaScript suna da npm. Akwai kuma kayan aikin da suka haɗa abubuwan biyu, irin su git-buildpackage, da dgit wadda Ian Jackson ya fitar a 2013, domin mai kula da ƙunshi ya riƙa yin aikinsa ta cikin Git.

Duk waɗannan kyauta ne, ba a biyan ko sisi. Kuɗin shiga ɗaya ne kawai: ka fahimci bayanin. A nan ne ake barin yaranmu a bakin ƙofa.

INDA BAYANI KE RUƊA MAI KOYO

Bari in kawo misalai daga Git, tunda ita kowa ke fara haɗuwa da ita. Akwai wani wuri a cikinta da ake tara gyare-gyare kafin a buga musu hatimi a ajiye. Wuri ɗaya ne tak, amma yana da suna uku: wani shafi ya ce index, wani ya ce staging area, wani umarni kuma ya kira shi cache. Kamar baƙo ne ya shigo gari yana neman kasuwa, ya tarar da alluna uku a hanya ɗaya, kowane da sunan da ya ba ta. Dole ya zaci kasuwa uku ce.

Ga umarnin checkout, wanda shekara da shekaru yake yin aiki biyu da ba su da dangantaka. Da shi ake tsallakawa daga reshe zuwa reshe, da shi kuma ake mayar da fayil yadda yake a da, a shafe gyaran da ba a ajiye ba. Na farkon ba shi da haɗari, na biyun yana iya cinye wa mutum aikin yini guda. Masu kula da Git da kansu sun ga matsalar, shi ya sa a bugu na 2.23 da ya fito a Agustan 2019 suka kawo sabbin umarni biyu, switch da restore, kowane da aikinsa.

Ga kalmomin ours da theirs, wato namu da nasu. Idan kana haɗa rassa ta hanyar merge, namu yana nufin reshen da kake kai. Idan ka bi ta rebase, sai ma'anar ta juya, aikin da ka yi da hannunka ya koma nasu. Ga kuma saƙon nan mai ban tsoro na detached HEAD, wanda in ka fassara shi kai tsaye cewa yake an cire kai. Mai koyo yana ganinsa sai gabansa ya faɗi, alhali abin da ake nufi kawai shi ne kana kallon wata tsohuwar ajiya ba tare da kana kan wani reshe ba. A 2023 wata ƙwararriya a ƙasar Kanada, Julia Evans, ta yi doguwar maƙala a kan kalmomin Git masu rikitarwa, bayan ta tambayi masu sana'ar waɗanne ne ke ruɗa su. Waɗanda suka amsa mata da yawansu da Turanci suka tashi. To ina ga wanda Turanci ne harshensa na biyu ko na uku?

Sai matsalar tsohon bayani. A Oktoban 2020 GitHub, kamfanin da mafi yawan mutane ke ajiye rumbun aikinsu a wurinsa, ya sauya sunan babban reshe daga master zuwa main. A Agustan 2021 kuma ya daina karɓar kalmar sirri ta asusu wajen tura aiki daga kwamfuta. Amma bidiyo da darussan da aka yi kafin lokacin suna nan a intanet, babu mai cire su, da yawa kuma ba su ɗauke da kwanan wata a inda ido zai gani. Yaro zai bi darasin layi bayan layi, abu ya ƙi. Ya sake, ya ƙi. Datar da ya saya da kuɗin abincinsa ta ƙare, wuta ta ɗauke, batir ya mutu. Daga ƙarshe ya yanke wa kansa hukunci cewa ba shi da kan wannan sana'a. Laifin yana ga bayanin da ya tsufa, yaron ne ya ɗauka ya ɗora wa kansa.

Akwai jimla biyu da in da an fara faɗa wa kowane ɗalibi su da Hausa, da an tsare hawaye masu yawa. Ta farko: idan ka yi commit, aikin yana cikin kwamfutarka ne kawai, kuma ba ya buƙatar intanet ko kaɗan. Ta biyu: sai ka yi push sannan kwafinsa ya isa rumbun da ke intanet. Wanda bai san ta farko ba yana jiran data kafin ya ajiye aikinsa. Wanda bai san ta biyu ba yana zaune da tunanin aikinsa na kammala digiri yana can a tsare, sai ranar da aka sace kwamfutar ko ta ƙone ya gane babu komai a ko'ina. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wannan duhun da jimla biyu ake kore shi.

ABIN DA RASHIN RUBUTU KE JAWOWA

Kada a ɗauka ƙananan masu koyo kaɗai abin ke ci. Ranar 1 ga Agustan 2012, wani kamfanin hada-hadar hannun jari a Amurka mai suna Knight Capital ya sa sabon bugun manhajarsa a manyan kwamfutocinsa. Guda 8 ne, aka sa wa 7, aka manta ɗaya. Wadda aka manta ta tashi da wani tsohon rubutu da aka daina amfani da shi amma ba a cire ba, ta shiga saye da sayarwa babu ƙaƙƙautawa. Cikin kimanin minti 45 kamfanin ya yi asarar dala miliyan 440 ko fiye. Da hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta yi bincike, cikin abubuwan da ta gano har da cewa babu rubutacciyar ƙa'ida da ta wajabta wa mutum na biyu ya duba aikin wanda ya sa manhajar. Kamfanin bai ƙara tsayawa da ƙafarsa ba, a 2013 aka haɗe shi da wani. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Mu namu ba ya kai dala miliyan, amma a ma'auninmu yana da zafi. Yaron da ya haɗa wa makaranta manhajar sakamakon jarrabawa ya tafi bautar ƙasa, ko ya samu aiki a Legas, ko Allah ya yi masa rasuwa. Adireshin shafin da ake sabunta kuɗinsa duk shekara da imel ɗinsa aka yi rijista. Asalin rubutun manhajar yana cikin filashinsa, a fayiloli masu suna na ƙarshe, na ƙarshe na biyu, na ƙarshe na gaskiya. Zangon karatu ya ƙare, iyaye suna jiran sakamako, manhaja ta ƙi tashi. A kira wani yaron, ya duba ya ce gara ya sake sabuwa. A sake biya, shi ma ya tafi babu takarda. Kuɗin jama'a kenan ke tafiya sau biyu, sau uku a kan abu ɗaya, wani lokaci har da sunaye da lambobin wayar mutane a hannun wanda ba a san inda yake ba. Tun Yunin 2023 kuwa Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora nauyi a kan duk mai tara irin waɗannan bayanai.

Mutanen Debian sun daɗe da gane wannan. A cikin kundin ƙa'idojinsu, manhajar da ta zo babu shafin jagora ana lissafa hakan a matsayin aibi, a kai rahotonsa kamar yadda ake kai rahoton manhajar da ta lalace. Masu dgit kuma sun raba bayaninsu gwargwadon mai karatu: wanda kawai yake so ya ɗauko manhaja ya gyara wa kansa yana da shafinsa, mai kula da ƙunshi yana da nasa, mai ɗaukar nauyin aikin sabon shiga yana da nasa. Sun fahimci cewa bayani ɗaya ba ya isar kowa.

GADONMU NE

Wannan fahimta ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta babban tafsirinsa, Diya'ut Ta'awil, mai zurfi, na manyan ɗalibai. Bai tsaya nan ba, ya sake rubuta wani taƙaitacce mai sauƙi, Kifayatu Du'afa'is Sudan, domin waɗanda na farkon ya yi musu nauyi. Malami ɗaya, ilimi ɗaya, littafi biyu saboda masu karatu iri biyu ne. Nana Asma'u ta tsara karatu da Fulatanci da Hausa, ta tura jajis su kai wa mata har ƙauyuka. Da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, babban aikin Abubakar Imam shi ne ya ɗauko al'amuran duniya ya faɗe su yadda manomi da ɗan kasuwa za su gane. Magabatanmu ba su taɓa ɗaukar sauƙaƙa bayani a matsayin ƙaramin aiki ba. Manyansu ne suka yi shi.

MASU JA DA WANNAN MAGANA

Na san akwai masu cewa Turanci ne harshen wannan sana'a, duk wanda aka koya wa da Hausa an tauye shi. Amsata tana cikin zaurukanmu. Ɗalibi yana karanta Ahalari ko Iziyya ko Risala da Larabci, malam yana fassara masa gaɓa gaɓa da Hausa. Matanin bai canja ba, kalmomin fannin suna nan da Larabcinsu, bayanin ne ya zo da harshen da zuciya ke ji. Kuma daga wannan zauren aka samu malaman da suka rubuta littattafai da Larabci. Haka za a yi nan. Umarnin commit zai zauna commit, domin shi kwamfuta ta sani. Abin da yake yi ne za a faɗa da Hausa. Wanda ya gane ma'ana da harshensa, Turancin ba ya yi masa wuya daga baya. A garin da Bafulatani da Bahaushe da Gwandara da Afo da Gade da Yeskwa da Eggon da Mada suke ciniki a kasuwa ɗaya da Hausa, bayanin Hausa zai amfani fiye da ƙabila ɗaya. Wanda kuma Hausar ba ta zauna masa ba, a rubuta masa da Turanci mai sauƙi a gefe.

Wasu za su ce ai yanzu akwai ChatGPT da 'yan uwanta, kowa ya tambaya a ba shi amsa. Suna taimakawa ƙwarai. Sai dai daga rubutun da mutane suka yi suke koyo, tsoho da sabo a cakuɗe, kuma suna iya ba ka tsohon umarni da cikakken ƙarfin hali. Wanda bai san tushe ba ba zai gane an ba shi kuskure ba. Sannan babu wata na'ura da ta san inda yaron da ya tafi Legas ya ajiye asalin manhajar makarantarku. Wannan sai wanda ya yi aikin ya rubuta.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na matasan da kansu. Suna cewa in na rubuta komai na miƙa, gobe za a kira wani mai araha a bar ni. Wannan tsoro yana da tushe, domin mu masu ba da aiki mun saba da taya aikin ƙwaƙwalwa kamar muna taya tumatir da yamma. Gyaran ya rataya a kan ɓangare biyu. Mai ba da aiki ya sa kuɗin rubuta bayani a cikin ciniki tun farko, ya kuma yi yarjejeniyar kulawa ta wata-wata ko ta shekara. Shi kuma matashi ya sani cewa wanda ya riƙe abokin ciniki da ɓoye makulli, ranar da aka samu hanyar ɓalle ƙofar ba za a sake kiransa ba, ba kuma za a nuna wa wani shi ba. Kamfanin da zai ɗauke ka aiki a Abuja ko daga waje, rumbunka na GitHub zai buɗe, kuma shafin bayani ne abin da zai fara cin karo da shi. Bayan duk wannan, dukiyar mutane da sirrinsu amana ce a hannunka.

ME YA KAMATA TAKARDAR TA ƘUNSA?

Ba littafi ake nema ba. Shafi uku ko huɗu sun isa ƙaramar manhaja, in sun amsa waɗannan:

1. Me manhajar ke yi, kuma me ba ta yi? A faɗa da harshen da shugaban makaranta ko ma'ajin ƙungiya zai gane.

2. Ina asalin rubutunta yake? Ya zama yana cikin rumbun Git da aka buɗe da sunan masu aikin, da imel ɗinsu, a ba matashin izinin shiga.

3. Da me aka gina ta, kuma bugu na nawa? Idan Python ce, wace Python? Waɗanne ƙunshe-ƙunshe take buƙata?

4. Yaya ake girka ta a sabuwar kwamfuta tun daga farko, mataki bayan mataki, da abin da ya kamata a gani a allo bayan kowane mataki?

5. Yaya ake kwafe bayanan ciki a adana, a ina, kuma yaya ake dawo da su?

6. Me ake biya duk shekara, ga wa, a wane wata?

7. Kwanan watan da aka rubuta takardar, da na duk gyaran da aka yi mata.

Kalmomin sirri kada su shiga wannan takarda, kada kuma su shiga rumbun Git, domin abin da ya shiga tarihinta yana da wuyar gogewa. A rubuta su daban, a rufe a ambulan, a ba mutum biyu amintattu.

Gwajin takarda mai kyau ɗaya ne. A ba wani ɗalibi da bai taɓa ganin aikin ba, a ba shi kwamfuta, mai aikin ya zauna gefe ya kame bakinsa. Duk inda baƙon ya tsaya yana sosa ƙeya, nan ne bayanin ke da rami. A cike, a sake gwadawa. Sai ya tayar da manhajar shi kaɗai sannan a biya cikon kuɗi.

KIRA

Ga masu makarantu, 'yan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyi, har da tamu: daga yau kada a karɓi manhaja babu takardarta, kada kuma a nemi takardar kyauta.

Ga malamanmu na jami'a da na cibiyoyin koyon kwamfuta, da girmamawa: a ware maki na musamman ga bayanin aikin ɗalibi, a kuma sa ɗalibai su riƙa musayar aiki, kowa ya gwada tayar da na ɗan uwansa daga takarda kawai. A fara koya musu Git tun shekarar farko, kada a bari sai lokacin aikin kammalawa.

Ga ƙannenmu masu koyo: duk abin da ya ba ka wuya yau har ka gane shi, rubuta yadda ka gane kafin ka manta wuyar. Bayan wata shida zai zame maka abu mai sauƙi, ba za ka ƙara tuna inda sabon shiga ke tuntuɓe ba. Ku sani kuma rubuta bayani sana'a ce da ake biya. A 2019 Google ya fara wani shiri mai suna Season of Docs domin haɗa marubuta bayani da ayyukan manhajar kyauta, kuma ƙungiyar Open Source Community Africa da aka kafa a Najeriya a 2018 tana ƙarfafa matasa su shiga irin waɗannan ayyuka. Ƙofar gyara bayanin Git ko Debian a buɗe take ga kowa. Jimla ɗaya mai rikitarwa da ɗan Keffi ya gyara, mutane a ƙasashe da yawa za su karanta ta.

Ga ƙungiyarmu kuma ina da shawara takamaimai. Akwai littafin Pro Git na Scott Chacon, wanda ya fito a 2009, aka sake buga shi a 2014 tare da Ben Straub. Kyauta ne a intanet, lasisinsa ya yarda a fassara shi muddin ba don sayarwa ba, kuma an fassara shi zuwa harsuna da dama. Babi uku na farko su ne abin da mai koyo ya fi buƙata. Mu haɗa ɗaliban kwamfuta kaɗan da malamin Hausa ɗaya ko biyu, mu ɗauki nauyin data da wurin zama mai wuta a lokacin hutu, su mayar da waɗannan babi uku Hausa, su gwada su a kan 'yan sakandare, a ajiye aikin a rumbun Git inda kowa zai iya gyarawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma wannan jinkar ba ta fi ƙarfinmu ba. Wanda ke da sha'awar sa hannu, da iliminsa ko da aljihunsa, ya yi magana a ƙasan wannan rubutu ko ya tuntuɓi shugabannin ƙungiya, a kawo batun a taro na gaba.

Allah ya yi wa karatun yaranmu albarka, ya ba su sana'a mai amfani. Allah ya ƙara wa Mai Martaba Sarkin Keffi, Dakta Shehu Chindo Yamusa III, lafiya da nisan kwana, ya zaunar da garinmu da jiharmu lafiya. Amin.